Laifin Kaset ne ko na Rakoda?

Sanin kowa ne cewa rakoda ta daɗe da barin tsakar ɗaki a Gombe. A lokacin da garin ya zama babban birnin jiha, a 1996, da wuya mutum ya ratsa Jekadafari ko Tudun Wada bai ji wa'azi ko kiɗan Shata yana tashi daga wani shago ba. Wayar hannu ta zo ta karɓe wannan aiki. Amma kaset-kaset ɗin suna nan a ƙasan akwatuna, kuma idan muka ɗauko ɗaya muka sa, muka ji murya a dushe kamar ana magana cikin tulu, nan take sai mu ce kaset ya mutu. Abin tambaya a nan shi ne, wa ya tabbatar mana cewa laifin na kaset ne?

Mai gyaran rediyo ba ya saurin yanke wannan hukunci. Abin da yakan fara dubawa shi ne ɗan ƙarfen nan da suke kira hed, wanda zaren kaset ke gogar fuskarsa da gudun santimita 4.76 a kowace daƙiƙa. A tsakiyar fuskar akwai wata tsaga siririya ƙwarai, ita ce ke karanto maganaɗisun da ke jikin zaren. Shekara da shekaru zaren yana cin ƙarfen, ƙurar hunturu tana taya shi, har ya yi masa kwari. Daga nan zaren ba ya kwanciya sosai a kan tsagar, sai siraran sautuka su ɓace, kalangu ya rasa kaifinsa. Idan datti ne kawai, auduga da sifirit sun wadatar. Idan kuwa kwarin ya yi zurfi, sai a goge fuskar da samfefa mafi laushi har ta koma sumul, ko a ciro hed daga wata matacciyar rakoda. Gogewar ita ma cin ƙarfen take yi, wato da ragowar kwanan hed ɗin ake sayen jin.

Wani zai ce wannan ɓarnar kuɗi ce, tun da ladan gyaran kan iya fin darajar rakodar. Da gaskiyarsa, in dai Shata ne ko Ɗanƙwairo, domin waƙoƙinsu suna yawo a wayoyi. To, amma ina za a samo kwafin saƙon da wani ɗan'uwa ya naɗo daga Makka? Ina kwafin karatun malamin unguwa da ya riga mu gidan gaskiya, ko tatsuniyar da kaka ta yi da Fulatanci ko Teranci ko Bolanci? Irin wannan kaset amana ne a hannunmu, mai muryar kuwa ba zai dawo ya maimaita ba. Wanda ya jefar da shi bisa shaidar lalataccen hed ya yi hukunci da shaidar kurma. Wanda kuma ya ci gaba da sa shi a haka yana iya cutar da shi, domin bakin kwarin nan yakan tauye gefen zaren, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa.

Akwai wani abu da ya fi wannan ba mu tunani. A gefen hed akwai ɗan sukuru da ake murzawa a daidaita tsayuwarsa. Yawancin kaset-kaset ɗinmu na gida an naɗe su ne da rakodar da hed ɗinta ya ɗan karkace, saboda haka idan aka miƙe namu bisa ƙa'idar kamfani, muryar takan ƙara dushewa. Dole mai gyara ya karkata hed ɗin zuwa irin karkatar da aka yi naɗin da ita. Mu da muke saurin cewa maganar mutanen da ba ta fita, a ganinmu sau da yawa mu ne muka ƙi karkata kunne, muka tsaya a miƙe bisa ma'aunin zamaninmu muna jiran su su daidaita da mu.

Shi dai mai gyara sa kaset ɗin yake yi, ya kasa kunne, yana murza sukurun a hankali har muryar ta washe. A nan ne ake jona rakodar da kwamfuta a kwafe abin da ke ciki, tun zaren bai tsinke ba. Idan aka ɗauko kaset na biyu, sai ya sake ɗaukar sukundireba, domin wata rakodar ce daban ta naɗe shi.