Yaron Wane Ne? Haƙƙin Ubangida da Iyakarsa

Tun da layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, fatake da masu sana'a daga ƙasar Hausa suka yi ta kwararowa wannan yanki har zuwa Gashuwa, kowa da al'adarsa. Cikin al'adun Hausawa kuwa akwai dambe, wasan da aka fi sanin mahauta da shi, wanda kasuwarsa kan buɗe da kaka bayan amfanin gona ya zo gida.

Akwai abin lura a sunayen 'yan dambe. Da wuya a kira matashi da sunansa na yanka. Sai dai a ce Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane. Wato da sunan ubangidansa yake shiga fage, shi da ya koya masa ɗaurin zare da tsayuwa da kāre fuska. In ya yi kisa, ma'ana ya kai abokin karawarsa ƙasa, kirarin yakan haɗa da maigidan. In kuwa shi ya faɗi, tare suke jin kunya.

To, a nan tambaya take: wanda ya horar da mutum, ya mallake shi ke nan?

Ba a ƙasarmu kaɗai ake wannan tambaya ba. A 2016 aka yi wani fim na zane a Japan mai suna Yuri on Ice, kashi 12, a kan gasar rawa bisa ƙanƙara. A cikinsa wani zakaran duniya ya jingine gasa domin ya horar da matashin da zuciyarsa ta karaya. Abin da ya yi ta damun matashin shi ne ko riƙon da ya yi wa malaminsa yana tauye malamin. Ashe ɗaurin yana kama ɓangare biyu.

Hausawa sun ce bin na gaba bin Allah ne, kuma yaron da ya yi suna ya raina ubangidansa, butulu ne. Amma ubangida ma yana da tasa jarrabawar. Wani yakan ɓoye wa yaronsa dabara don kada ya fi shi. Wani yakan tura shi gaban wanda ya fi ƙarfinsa saboda kuɗin da 'yan kallo za su liƙa. Irin wannan ya mai da amana jari, kuma jikin ɗan wani ne zai biya.

Da Elisha ya roƙi rabo biyu na ruhun Iliya, annabin bai ji haushi ba, bai kuwa kira shi mai zari ba. Ma'aunin ke nan. Bashin da ke kan yaro shi ne girmamawa har mutuwa. Na ubangida ya fi nauyi: ya ba da duk abin da ya sani, ya hana yaronsa wasan da zai nakasa shi, sa'an nan ya ja gefe. Ranar da aka fara kiran wani matashi da sunan yaron nasa, a ranar ce horonsa ya cika. Iyaye da malaman makaranta da masu koyar da sana'a, kowa ya auna kansa da wannan mudu.