Ranar da Zambiya Ta Rufe Mashaya Ta Durƙusa

Shugaba Edgar Lungu ya kira al'ummar Zambiya su yi azumi, su tuba, su roƙi Allah a ranar 18 ga Oktoban 2015. An rufe mashaya, an ɗage wasannin ƙwallo, jama'a suka yi dafifi a Lusaka. Lokacin kuwa tura ta kai bango: farashin tagulla, wadda ƙasar ke taƙama da ita, ya faɗi warwas, kwacha ta zube, ruwan madatsar Kariba ya ja baya, wutar lantarki sai ta ga dama.

Kiran bai zo da mamaki ba, don tun 1991 shugaban ƙasar na lokacin, Frederick Chiluba, ya ayyana Zambiya ƙasar Kirista.

To amma wa ya kamata ya tuba? Mai sayar da tumatir a kasuwa ba ita ta ciwo bashin ƙasa ba. Masu wa'azi kan kafa hujja da labarin Nineba, inda azumin gari guda ya kawar da azaba bayan gargaɗin Annabi Yunusa. Sai dai a labarin nan sarki da kansa ya sauko daga gadon sarauta, ya tuɓe alkyabba, ya zauna cikin toka, sannan ya umarci kowa ya daina zalunci. Wannan ɓangaren ne masu mulki ba su cika karantawa da ƙarfi ba.

Limaman coci ma ba su yi baki ɗaya ba. Da Lungu ya kafa ma'aikatar harkokin addini a 2016, bishop-bishop na Katolika suka nuna adawa, suna gudun gwamnati ta mayar da coci 'yar amshin shata. Magajin Lungu, Hakainde Hichilema, ya rushe ma'aikatar a 2021, amma ya bar ranar addu'ar.