Laifin Fiyano Ne Ko Na Zuciya?

Wanda ya tsaya a Wapa da yamma, yana kallon 'yan canji suna kaɗa dala da riyal, da wuya ya tuna cewa sunan wurin na gidan silima ne. Tun da can Fagge da Sabon Gari ne inda Kano take ajiye abin da take so amma take jin kunyar shiga da shi cikin ganuwa. A Sabon Gari aka buɗe silimar Rex a 1937, Fagge kuma ta samu Plaza da Wapa. A wancan zamani samarin birni kan fito ta Ƙofar Mata su kalli fim ɗin Indiya, su koma gida da karin waƙa a baki. Ba su jin Indiyanci, amma sun san mai waƙar son wata yake yi.

Daga baya sai ga wasu sha'irai a Kano, waɗanda aka sani da Ushaƙu Indiya, sun ɗauki wannan kari sun cire kalmomin saurayi da budurwa, sun zuba begen Manzon Allah (SAW) a kan bugun bandiri. Wasu suka ce an musuluntar da kari. Wasu suka ce an kai najasa masallaci. Gardamar ta tsaya a kan abu guda: shin sauti yana ɗauke da zunubi a jikinsa, ko kuwa tulu ne da ke karɓar duk ruwan da aka zuba masa?

Masu hani ba da ka suke magana ba. Akwai hadisi a Sahihul Buhari da ya ambaci kayan kiɗa cikin abubuwan da wasu za su halatta wa kansu, kuma mafi yawan malaman fiƙihu sun taƙaita rangwame ga ganga mai fuska ɗaya a ranar biki ko idi. Sai dai Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda na Ihya'u a kan sauraro, kuma abin da ya tafi a kai shi ne waƙa ba ta shuka sabon abu a zuciya, abin da ke kwance a ciki take tayarwa. 'Yan Ƙadiriyya da ke buga bandiri a gidan Kabara suna da hujjarsu, almajiran Izala suna da tasu, kuma sau da yawa a kanti ɗaya suke sayar da atamfa a Kwari.

A tsakiyar wannan ja-in-ja Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, ya gina sunansa. An haife shi a Yakasai a 1973, kuma marubucin littattafan labari ne kafin a san muryarsa. Wannan asali ya bi shi har situdiyo. Yana tsara baiti da amsa-amo irin na rubutacciyar waƙa, sannan ya ɗora shi a kan fiyano, na'urar da ta mamaye finafinan Hausa tun ƙarshen shekarun 1990. A wurin dattijo mai zaure, duk wanda ya bi fiyano ɗan nanaye ne. A wurin malamin jami'a kuwa, Ala fasihi ne da ake rubuta kundin digiri a kan waƙoƙinsa. Mutum ɗaya, suna biyu, kuma a ƙasar Hausa suna ba ƙaramin abu ba ne: tsakanin maroƙi da sha'iri akwai tazarar da takan hana aure.

A 2009 lamarin ya bar bakin malamai ya shiga kotu. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, a zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta sa aka gurfanar da Ala a kan waƙar "Hasbunallahu", har ya kwana a tsare. Abin lura a nan shi ne waƙar ba ta rawa ba ce, ba ta soyayya ba ce. Addu'a ce, kai ƙara ce wurin Allah a kan azzalumai. Wato ranar da mawaƙin ya fi kama da mai wa'azi, ranar ce ya fi ɓata wa hukuma rai. Duk mai son ya ce rigimar waƙa a Kano ta halal da haram ce zalla, sai ya fara warware wannan ƙulli.

Soyayya kuwa nan ne ake yin fuska biyu. Mutumin da zai tsine wa waƙar soyayya a majalisa, shi ne zai biya a yi wa 'yarsa waƙar aure da sunanta da na angonta. Bahaushe bai taɓa rasa so ba, furta shi a bainar jama'a ne kunya ta hana. Mawaƙan fim, irin Sani Danja ɗan Fagge da abokin tafiyarsa Yakubu Muhammad, sun ba wa matasa kalmomin da iyayensu suka haɗiye. Ko sun yi kyau ko sun wuce gona da iri, wannan sai an bi waƙa ɗaya bayan ɗaya, ba a yanke wa sana'a duka hukunci da wuƙa ɗaya ba.

Abin da ya fi wahala ga mawaƙi ba fatawa ba ce. A "Shahara", Ala ya juya kan kansa ya duba abin da suna ke yi wa mai shi, kuma malaman tarbiyya sun daɗe da sanya wa cutar suna: riya da son a sani. Mai bege da mai nanaye duk tana iya kama su, domin tafi ba ya tambayar me aka rera. Ga kuma kuɗin ɗan siyasa, wanda ya mayar da fasihai da dama abin da suka ce su ba shi ba ne.

A gidajen biki na Fagge yau, mai kiɗa yakan kashe lasifika da zarar ladan ya ɗaga murya. Amare su gyara mayafi, samari su nemi buta. In an sallame, sai a ci gaba daga baitin da aka tsaya.