Tsakanin Kwalkwali da Ƙwarya

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masu tunani tuwo a ƙwarya, ita ce: mene ne matsayin abin da yake kare mutum, amma ba ya kare shi duka? Shin a riƙe shi ne saboda ɗan abin da yake iyawa, ko kuwa a yi watsi da shi tunda ba ya hana ajali? Ba sai mun je nesa ba wajen neman ma'aunin da za mu ɗora wannan tambaya a kai. Hular kwano ta ishe mu, musamman irin wadda masu hawan keke a kan duwatsu suke kifawa a kai.

Abuja gari ne da duwatsu suka yi wa ƙawanya, tun daga Dutsen Aso, zuwa Katampe da Mpape, har zuwa tsaunukan da suka kewaye madatsar ruwa ta Usuma a wajejen Ushafa da Bwari. A ranakun Asabar da Lahadi akan ci karo da masu kekuna masu kaurin taya, suna bin hanyoyin da ƙafafun manoma da na shanu suka fitar, su hau da ƙyar suna haki, sa'an nan su gangaro a guje tsakanin tsakuwa da kwazazzabai. Wannan wasa ya samo asali ne daga jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, ya kuma shiga gasar Olamfik a 1996 a birnin Atlanta. A wurinmu kuwa, mu da muka san keke a matsayin abin zuwa gona da kasuwa da makaranta, abin baƙo ne. Amma faɗuwa ba baƙuwa ba ce, kuma dutse bai san ɗan wasa ba, bai san mai neman abinci ba.

To me hular take yi? Mutane da yawa sun ɗauka taurin bayanta shi ne kariyar, alhali kuwa ba haka abin yake ba. Asirin yana cikin farin soson nan mara nauyi da ke ciki, irin wanda ake tallafe rediyo ko talabijin da shi a cikin kwali. Idan kai ya bugi dutse tsirararsa, tsayawa yake yi nan take, ƙarfin bugun kuma ya taru wuri guda a kan ƙoƙon kai. Idan kuwa da hula, soson ne yake murƙushewa, ya ɗan tsawaita lokacin tsayawar, ya kuma baza ƙarfin a wuri mai faɗi. Wato dai hular tana ba da kanta ne fansa ga kan. Tana lalacewa domin kada ƙashi ya lalace.

Sai dai wannan fansa tana da iyaka, kuma maƙeranta ba su ɓoye iyakar ba. Bisa ƙa'idar da Amurka ta fara aiki da ita a 1999, ana sa hular a kan wani ƙarfe mai siffar kai, a sako shi daga tsayin mita 2 a kan maƙera, abin da ya yi daidai da gudun kilomita 22 a awa guda. Ƙa'idar Turai ma ba ta kai haka ba, mita 1 da rabi ce. Wannan ya wadatar ga wanda ya zame ya faɗi ƙasa daga kan sirdi, domin bugun da ƙasa za ta yi masa bai wuce na tsayin da ya faɗo ba. Amma wanda ya gangaro da gudun kilomita 40 ya yi karo da bishiya ko goshin dutse, ya fita daga abin da aka gwada. Masana kimiyya sun tabbatar da cewa idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo ninkawa yake yi sau huɗu. Ban da wannan, ƙwaƙwalwa ba a ɗaure take a cikin ƙoƙon kai ba. Tana iya jijjiga ko ta murɗe ko da ƙashi bai fashe ba, kuma a nan ƙarfin hular ya fi rauni, ko da yake an ƙirƙiro wasu masu ɗan zamewa daga ciki don rage murɗewar. Haɓa da haƙora a waje suke, sai fa a irin hular da ta rufe fuska duka, wadda 'yan tseren gangara suke sawa. Wuya da ƙashin baya da kafaɗa da wuyan hannu kuwa, waɗanda mai faɗowa ta gaban keke yake yawan karyawa, babu ruwan hula da su.

Alƙaluma ma sun nuna haka. Wani bincike da aka yi a birnin Siyatil na Amurka, aka buga a 1989, ya ce hula tana rage raunin kai da kashi 85 cikin 100, kuma an shekara da shekaru ana yawo da wannan adadi. Daga baya, a 2016, wasu masana biyu a Ostireliya, Olivier da Creighton, suka tattara bincike 40 da suka shafi mahaya keke fiye da 64,000, suka sami adadi mai sauƙi-sauƙi: raunin kai ya ragu da kashi 51, raunin kai mai tsanani da kashi 69, wanda ke kai ga mutuwa da kashi 65, raunin fuska kuwa da kashi 33 kawai. Galibin waɗannan mahaya a kan titi suka faɗi, ba a kan dutse ba, amma ƙoƙon kai iri ɗaya ne. Ke nan a cikin mutum uku da za su mutu ta hanyar bugun kai, hula tana iya tsamo kamar biyu, ta bar ɗaya.

Wannan ɗayan da aka bari shi ne tushen gardamar. Ɗan tseren Kazakistan, Andrei Kivilev, ya faɗi ba hula a watan Maris na 2003 a ƙasar Faransa, ya mutu, kuma mutuwarsa ce ta sa hukumar tseren keke ta duniya ta tilasta wa 'yan wasa sa hula a wannan shekarar. Shekara takwas bayan haka, a 2011, Wouter Weylandt ɗan Beljiyam ya faɗi a wata gangara a Italiya da hularsa a kai, shi ma ya mutu. Mai son kafa hujja zai nuna na biyun ya ce, "Ga shi nan, da hula da babu duk ɗaya, in kwana ya ƙare ya ƙare." Maganar tana da daɗin ji, tana kuma kama da ta masu imani. Amma in muka bi ta a hankali za mu tarar tana da ɓaraka. Mai faɗar ta yana kulle ƙofarsa da dare, ko da yake an sha fasa gidan da aka kulle. Yana shan magani, ko da yake an sha binne wanda ya sha magani. A kan kansa kaɗai yake neman cikakken tabbaci kafin ya ɗauki mataki, tabbacin da bai taɓa nema ba a kan akuyarsa.

Kakanninmu ba su yi wannan lissafi ba. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki tun wajen ƙarshen ƙarni na 14, a matsayin wanda ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali cikin rundunar Kano. Baraden da suka sa waɗannan kaya sun san sarai cewa mashi yana samun kafa, sun ga 'yan'uwansu sun faɗi cikin sulke, amma ba mu ji an ce sun tuɓe sun shiga daga da taguwa ba. Malaman sira kuma sun ruwaito cewa a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya fita da sulke biyu da kwalkwali, kuma duk da haka an ji masa rauni, har zobba biyu na kwalkwalin suka nutse a kuncinsa. Babu wanda ya fi shi tawakkali, bai kuma bar sababi ba, sababin kuma bai hana jini zuba ba. Wannan ya isa ya nuna mana cewa riƙo da kariya mai iyaka ba raunin imani ba ne. Wanda ya ƙi ta da sunan ƙaddara, sau da yawa zafin rana da nauyin hular yake gudu, sai ya ari rigar ƙaddara ya yafa wa kasalarsa.

Akwai kuma wani kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne mayar da hular laya. Mun ga irinsa ƙarara a ƙasar nan. A ranar 1 ga Janairu, 2009, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, a zamanin shugabancin Osita Chidoka, ta fara tilasta wa masu babura da fasinjojinsu sa hular kwano. Kafin nan an riga an kori 'yan acaɓa daga tsakiyar Abuja tun 2006, lokacin da Nasir El-Rufa'i yake ministan birnin, amma suna nan a unguwannin gefe da sauran garuruwa. Cikin 'yan kwanaki sai labari ya bazu har kafofin watsa labarai na ƙetare cewa wasu 'yan acaɓa, musamman a Kano, sun kifa ƙwarya a kai sun ɗaure da igiya, wasu sun kifa bokitin fenti ko tukunya. Wasu fasinjoji kuma suka ƙi sa hular, don tsoron cutar fata ko tsoron an yi mata asiri. An yi dariya sosai, mu ma mun yi. Amma mai ƙwaryar nan ba wawa ba ne. Ya fahimci dokar ne kamar yadda aka gabatar masa da ita. An nuna masa cewa hula abu ce da take kare mutum daga jami'i da tara, shi kuwa ya ga ƙwarya ta fi arha. Ba kansa yake karewa ba, aljihunsa yake karewa.

Kada mai keken dutse ya ɗauka shi ya tsira daga wannan, don kawai hularsa ta fi ƙwarya tsada. Wanda ya kifa hula bai ɗaure maɗaurin haɓa ba, ko ya tura ta ƙeya ya bar goshi a fili, ƙwarya ya kifa. Haka nan wanda ya ji tunda ya sa hula, to gangarar da jiya ya sauka ya tura keken, yau zai bi ta ba birki. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Sam Peltzman, ya yi hasashe a 1975 cewa mutane sukan cinye ribar kayan kariya ta hanyar ƙara ganganci. Masana sun saɓa a kan yawan abin da ake cinyewa, amma kowa ya san halin zuciya. Wanda ya sayi kariyar kilomita 22 ya je ya kashe ta a gudun kilomita 50, ya ci bashin da ƙoƙon kansa ne zai biya. A ganinmu sanin iyakar hular wani ɓangare ne na hular kanta; wanda bai san inda ta tsaya ba, rabinta ya saya.

A kan dutse kuwa babu jami'i, babu shinge, babu tara. Nan ne ake gane ko don wa mutum yake sa hular. Nan ne kuma mai gardama yakan kawo hujjarsa ta ƙarshe, cewa kansa ne, in ya ga dama ya fasa. Hujjar ba banza ba ce, domin baligi yana da haƙƙin zaɓar irin haɗarin da zai ɗauka, in ba haka ba da sai a hana hawan doki da dambe da kokawa. Amma anya kan mutum nasa ne shi kaɗai? Gbagyi, waɗanda su ne masu waɗannan duwatsu tun kafin a yi tunanin gina Abuja, matansu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a kai ba, kuma dalilin da akan bayar shi ne kai sarkin jiki ne, ba a ɗora masa itace. Mu kuma mun san cewa a ƙasar nan idan kai guda ya fashe, ba mutum guda yake kwanciya ba. Matar da za ta bar sana'arta ta yi jinya, da yaron da za a cire daga makaranta, da ƙanen da zai sayar da fili don kuɗin hoton ƙwaƙwalwa, duk ba a shawarce su ba lokacin da aka rataye hular a hannun keke saboda zafi. Mutuwa ma wani lokaci ta fi sauƙi a kan wanda ya tashi bai san sunan 'ya'yansa ba.

Sai dai kada hukuma ta ji wannan ta yi murna, ta ɗauka nauyin ya sauka daga kanta. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma ga keke, yana kan nasa keken a Abuja wata bas ta tunkuɗe shi cikin kwata. Babu hular da take tsayar da bas. A ƙasar Holan, inda keke ya fi mutane yawa, kaɗan ne suke sa hula a zirga-zirgar yau da kullum, amma an ware musu hanyoyinsu daban da na motoci. Titunan Abuja kuwa, da faɗinsu da santsinsu, don mota aka shimfiɗa su. Cewa talaka ya kare kansa da soso, alhali an bar shi yana goga kafaɗa da tirela, shi ma wani nau'in ƙwarya ne, sai dai wannan karon hukuma ce ta kifa.

Saura abu guda da ba a cika faɗa ba. Soson da ya murƙushe ba ya komawa yadda yake, saboda haka hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, ko da bayanta yana nan yana sheƙi ba tsaga. Maƙeranta da kansu suna cewa a jefar da ita. To amma a ƙasar da ba a jefar da komai, inda kayan gwanjo suke cika kasuwa daga Turai da Amurka ba tare da tarihinsu ba, ina irin wannan hula take zuwa? Mai ita ya san ta mutu, domin shi ta fansa. Zai iya fasa ta da guduma ya yi asarar kuɗinsa, zai kuma iya goge ta ya miƙa wa yaron gidansa ko ya sayar wa mai gwanjo, a yi masa godiya. Wanda zai karɓa ba shi da hanyar ganewa. Zai ɗaure maɗaurin da kyau, ya hau dutsen Mpape, ya gangaro yana ganin akwai wani abu tsakanin kansa da dutsen.