Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san gaskiyar wannan magana. Ƙadangare ba shi da ƙarfin fasa katanga. Iyakarsa ya yi ta kewaye yana gyaɗa kai, har ya tarar da inda damina ta ci, mai gida kuma bai yi yaɓe ba. Shi ya sa karin maganar ba ta ɓata bakinta wajen zagin ƙadangare. Mai bangon take tuhuma: yaushe rabonka da duba katangarka?

An saba kawo ta a kan zumunci da zaman aure, inda ɗan saɓani ke buɗe wa magulmaci ƙofa. A yau kuwa ta shafi yaranmu 'yan firamare da wayar da muke miƙa musu.

Tsagar farko mu manya muke yin ta da hannunmu. Facebook da Instagram da TikTok duk sun gindaya cewa sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, sharaɗin da ya samo tushe daga wata dokar Amurka ta 1998 kan kare bayanan yara. Ɗan firamare kuwa yawanci bai wuce shekara 12 ba. Amma sai yayansa, ko ma mahaifiyarsa, ta ƙara masa shekaru wajen rajista don ya daina damun ta. Daga ranar manhajar ta ɗauke shi babba, ta shiga turo masa bidiyon da bai dace da idonsa ba, baƙi kuma su sami hanyar yi masa magana. Ostireliya ta ga abin ya yi ƙamari har a 2024 ta kafa dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar irin waɗannan shafuka.

Tsaga ta biyu tana tsakanin makaranta da gida. Tun da korona ta rufe makarantu a 2020, malamai da yawa suka saba tura aikin gida ta WhatsApp. Uwa ta miƙa wa yaro waya ta koma kan girki. Malam na zaton iyaye na sa ido, iyaye na ganin tunda aikin makaranta ne babu komai. Aikin minti goma ya ƙare, yaro ya ci gaba da yawo babu mai tambaya. Wasu makarantun ma sukan watsa hotunan ɗalibai da kayan makaranta, ga suna ga aji, alhali dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro.

Amma tsagar da ta fi kowacce faɗi ita ce tsoro. Mai yaudarar yara ba ya zuwa da mugunta a fuska. Yakan shigo ta cikin wasan gem a matsayin sa'a, ya yabi yarinya, ya tura mata kati, ya tambayi unguwarsu. Bayan an saba sai ya ce, "Turo mini hotonki, amma kada ki gaya wa Umma." Idan ta tura, sai murya ta sauya: ko ta ƙaro wani, ko ya nuna wa kowa. A nan yarinyar za ta tsaya ta auna. In ta san cewa faɗa wa Umma daidai yake da bulala da ƙwace waya da tonon silili a gaban 'yan'uwa, shiru za ta yi. Da wannan shirun mugu ke ci. Yau ta daina cin abinci, gobe ta firgita in waya ta yi ƙara, mu kuma muna cewa miskilanci ne.

To, ina gyaran? Akwai na fasaha: YouTube Kids maimakon YouTube na manya, da Family Link da ke ba iyaye damar ƙayyade lokaci da manhajojin da yaro zai sauke. Akwai na tsarin gida: a yi amfani da waya a tsakar gida inda ake gani, kuma kada ta kwana a ɗakin yara. Akwai na makaranta: a tace abin da kwamfutocin aji ke buɗewa, a koya wa yara ɓoye adireshi da lambar sirri, a kuma sa batun a taron iyaye da malamai.

Duk waɗannan suna da amfani, sai dai yaro mai wayo yana iya kewaye su. Abin da ya fi ƙarfi shi ne alkawari. Uba ya zaunar da ɗansa ya ce, "Duk abin da ka gani ya tayar maka da hankali, zo ka faɗa mini, ba zan dake ka ba." Idan ranar ta zo, ya cika. Yara amana ce a wuyanmu, kuma yaron da ya tabbata za a saurare shi a gida yana da wuyar yaudara a waje.