Kuskuren Mai Sayarwa, Rabon Mai Saye Ne?

A zamanin kakanninmu ciniki ido da ido ne. Wanda ya kai rogo kasuwar Batsari ya san fuskar mai saye, mai saye kuma ya san garinsa da gidan ubansa. Idan aka yi kuskuren lissafi, kasuwa mai zuwa za a gyara. Yanzu kuwa wani irin ciniki ya shigo. Mutum yana zaune a Safana ya ga hoton kaya a Facebook ko WhatsApp, ya aika da kuɗi ta waya zuwa Kano ko Legas, bayan kwanaki direba ya kira shi ya zo tasha ya karɓi saƙonsa. Ba su taɓa ganin juna ba, wataƙila ba za su gani ba har abada.

To, a ce wani ɗan'uwa a Batsari yana sana'ar ɗaukar hoto, na biki da na takardun makaranta. Ya tara kuɗi wata da watanni, ya sayi kyamara ta hannu daga wani ɗan kasuwa a Legas. Da ya buɗe kwali sai ya tarar ba ita ba ce. Wata ce dabam, sabuwa, wadda kuɗinta ya ninka na tasa. Takardar da ke kan kwalin kuwa sunansa ne a rubuce. Me ya kamata ya yi?

Mun san abin da maƙwabta za su faɗa. Za su ce rabonsa ne ya tsaga, gama bai yi sata ba, bai yi ƙarya ba, kayan da ƙafarsu suka zo. Waɗansu za su ƙara da cewa mutanen yankin nan sun sha wuya. Wannan gaskiya ne. 'Yan bindiga daga dajin Rugu sun kore shanu, sun hana noma, sun watsa ƙauyuka. A watan Satumba na 2021 har layin waya aka yanke a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Batsari da Safana suna ciki, mai sana'a ya yi watanni ba ya jin abokin ciniki. Wanda ya yi hasara haka, in alheri ya faɗo masa, wa zai ce ya mayar?

Amma bari mu juya maganar. Da ƙaramar kyamara aka aiko masa, wadda ba ta kai kuɗinsa ba, da tun bai bar tasha ba ya kira Legas. Da ya ce an cuce shi, da kuwa ya faɗi daidai, har dokar kare masu saye da aka sa wa hannu a 2019 tana bayansa. Ashe ya san ciniki yana kan abin da aka shirya ne, ba kan abin da kwali ya ƙunsa ba. In haka ne ranar da kuskure ya cuce shi, haka ne kuma ranar da kuskure ya amfane shi. Mudun da muke saye da shi ba ya canzawa don yau mu ke da riba.

Abin da ke ruɗinmu shi ne nisa. Kunya a ido take zama, a nan kuwa babu ido. Mukan ɗauka da waya muka yi ciniki, waya kuwa ba ta kuka. Amma akwai hannun da ya naɗe kwalin nan. Sau da yawa yaron shago ne, wanda ya haɗa saƙo biyu ya musanya takardunsu, shi kuma maigidansa zai tuhuma, ko ya yanke masa albashi, ko ya kore shi da sunan ɓarawo. Akwai kuma wani mai saye a wani gari da ya biya kuɗin babbar kyamara, yana riƙe da ƙarama. Shirun ɗan'uwanmu na Batsari a kan mutane biyun nan zai sauka.

Masu karatu za su tuna da 'ya'yan Yakubu cikin Littafin Farawa. Lokacin yunwa ne, suka sayo hatsi a Masar, suka tarar da kuɗinsu a cikin buhunansu. Ƙasar da nisa, gidan da buƙata. Duk da haka tsohon ya sa suka koma da kuɗin, gama ya zaci mantuwa aka yi. Lalle akwai tsoro cikin al'amarin, ba mu ce tsabar kirki ce kaɗai ba. Amma a lura, sai da suka faɗa wa wakilin gidan Yusufu, shi kuma ya kwantar musu da rai, sa'an nan kuɗin ya daina zama musu nauyi. Kyauta sai mai abu ya sani ya yarda. Abin da aka riƙe don mai shi bai sani ba, wani suna gare shi.

Kada kuwa mu sa rai ga lada. A 2023 wani saurayi mai tuƙa keke napep a Kano ya mayar da naira miliyan 15 da wani fasinja ya manta, aka yi ta yabonsa, aka yi masa kyautai. Mun yi murna da shi. Amma mai hoton Batsari ba wanda zai kai labarinsa rediyo. Mai yiwuwa ne ma ɗan kasuwan ya karɓi kayansa ko godiya babu, ya kuma ɓata masa mako biyu kafin tasa ta iso, bikin da ya yi alkawarin ɗauka ya wuce.

Gaskiya dai ba ta ce ya zama wawa ba. Kuskuren ba nasa ba ne, saboda haka kuɗin mota ba a wuyansa yake ba, ba kuwa a ce ya bi hanya mai hatsari da yamma domin gyara laifin wani ba. Ya ɗauki hoton kyamarar da lambarta, ya aika wa mai ita a ranar. Kada ya yi aiki da ita ko biki ɗaya, gama ajiya ce. Ya tabbata da ainihin mai kayan yake magana, domin masu damfara ma sun iya kiran waya. In yana tsoron kada ya rasa duka biyu, yana da iko ya ce a aiko da tasa tukuna, a yi musanya a tashar Katsina a gaban shugaban tasha. In kuwa ɗan kasuwan ya ga wahalar ta yi yawa ya ce a cika masa wani abu a riƙe, sai su yi sabon ciniki, wannan karo kowa ya san abin da ke cikin kwalin.