Wa Ya Koyi Hannun Wa?

Jama'a, dukkanmu mun san yadda mukan gane wasiƙa tun ba mu buɗe ta ba. Hannun da ke bayan ambulan ya isa ya gaya mana wanda ya rubuto, wani lokaci har mu gane ko cikin gaggawa yake ko cikin fushi. To, ga shi an ƙera na'urar da mutum zai yi rubutu a fuskarta da alƙalami, ita kuma ta mai da shi haruffan ɗab'i. Tambayar ita ce, tsakaninmu da ita wa ya kamata ya rusuna wa wani?

A 1993 kamfanin Apple na Amurka ya fito da Newton, wadda aka ce za ta karanta hannun mai ita. Ta kasa. Sai ta laluba ƙamusun cikinta, ta ɗora wa mutum kalmar da ta fi kama da tasa, har ta zama abin ba'a. A 1996 Palm Pilot ta zo da wata dabara mai suna Graffiti: mutum ne zai koyi hannun na'ura. Kusan kowane harafi da ja ɗaya ake yinsa, A ba karan tsakiya, T kamar lamba 7. Wannan kam ta karɓu, Newton kuwa aka daina ƙera ta a 1998. Mutane suka yi ta cewa na'ura ta iya karatu, alhali su ne suka sake koyon rubutu.

Ba mu ce rusunawa aibi ce ba. Almajiri ma hannun malaminsa yake bi a allo. Amma shi malam ya san yaron, ya san abin da yake nufi ko da tawada ta zube. Na'urorin yau sun fi na da nesa ba kusa ba, sai dai har yanzu kintace suke yi daga abin da aka ɗura musu, kuma Hausar da aka ɗura musu kaɗan ce. Mu lanƙwasa kan ƙ, na'ura ta ce k ce, "baƙi" ya koma "baki".

Kuskurenta bai dame mu ba kamar ranar da za mu gaji da gyara, mu daina lanƙwasar tun daga hannunmu don kada mu wahalar da ita. Mun taɓa yi wa keken rubutu wannan ladabi, shi da ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, har wasunmu suka manta inda ake sa su.